Ku Tambayi Anti: Aikin sakatariya daga cikin ɗaki, ta ina ake kama shi?

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Wannan watan kusan duk saƙonnin da suka shigo hanya ɗaya suka bi, kowa so yake ya ji labarin aikin nan da mutum zai zauna a gida yana riƙe wa wani harkokinsa ta waya da kwamfuta, amsa saƙonni ne, tsara lokaci ne, rubuta fatura ne, ƙarshen wata a biya shi, shi ne aikin da ake kira VA, wato mataimaki na nesa. Toh na tsinto guda shida na haɗa, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri su karanta na wasu, ƙila amsarsu na ciki. Saƙonnin kuma yadda kuka turo haka na bar su.

Salam Anti ya gida ya aiki. Dan Allah shawara nakeso. Ni haifaffiyar Jidda ce na gama sanawiyya shekara biyu kenan ina zaune ba abinda nake, inajin larabci sosai karatu da rubutu, hausa kuma ita mukeyi a gida, turanci dai sama sama. Naga wata a TikTok tana cewa tana samun dala dubu biyu a wata wai tana yiwa turawa aikin VA daga dakinta, ni kuma wlh na gaji da rokon kudin kati wajen babana. Ta ina zan fara? kuma dole sai da laftop?
'Yarki, unguwar Sabil, Jidda

'Yata lafiya lau, Allah ya yi albarka. Bari mu fara da ta TikTok ɗin mu wuce wajen. Ƙila gaskiya take faɗa, ƙila kuma kwas take sayarwa, ki duba ƙasan bidiyon in kin ga an ce danna nan ki yi rajista toh kin ga inda dala dubu biyun ke fitowa. Ko da gaskiyar ce ma, ita da Turancinta take cin kasuwa, ke kuma da bakinki kin ce naki sama sama ne, in kika shiga shafin neman aiki na Upwork yau kina jiran Ba'amurke ya ɗauke ki layi za ki bi bayan 'yan Filifin da Indiya da Kenya da suka yi shekaru suna wannan aikin, ga shi neman aikin ma a can ba kyauta ba ne, akwai wasu 'yan tikiti da suke kira Connects, duk neman da kika tura sai an cire miki, in sun ƙare ki saya. Ban ce kar ki taɓa leƙawa ba. Amma ba can ce ƙofarki ta farko ba.

Abin da ke hannunki wanda 'yar Filifin ba ta da shi, Hausa a baki, Larabci a rubuce, kuma kina zaune a Jidda. Har ma ga shi kin rubuto min Hausa da boko, abin da da yawa cikin haifaffun nan ba sa iyawa, bakin ne kawai. Wannan ne jarinki, kuma masu buƙatarsa wasu ma lambarsu na cikin wayar babanki yanzu haka.

Ki ɗauki mai kamfanin Umara a Kano ko Damagaram ko Kumasi. Yana da mutum arba'in da za su taso cikin azumi, otal ɗin da ya kama musu a Misfala ko titin Ibrahim Khalil da Larabci suke rubuto masa, direban bas Larabci, shi kuma Larabcinsa na salla ne. Mutanensa kuwa ba mai rubutu, saƙon murya suke turowa na minti huɗu huɗu, wannan Hajiyar na tambaya ko ɗakinta na kusa da Harami saboda ƙafa, wancan Alhajin na faɗa wai an rubuta masa Muhammadu alhali a fasfo Mohammed ne. Mai kamfanin yana tsakiya kansa na hayaƙi. Ke aikinki ki buɗe jadawali a Google Sheets, kowa da layinsa: suna yadda yake a fasfo harafi da harafi, lambar fasfo, ranar da zai mutu, ranar sauka da lambar jirgi, otal da lambar ɗaki, ranar wucewa Madina ko a bas ko a jirgin ƙasa na Haramain, wa ya samu izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk wa bai samu ba. Ki saurari saƙonnin murya ki fito da abin da ake nema a layi biyu, ki rubuta wa otal da Larabci mai kyau, ki tuna wa direba da daddare cewa jirgi ƙarfe uku na asuba zai sauka. Ranar da kika gano fasfon wata Hajiya saura wata huɗu ya mutu tun kafin a biya kuɗin biza, alhali sai da wata shida ake karɓa, ranar kin ci albashinki na wata kuma mutumin nan ba zai sake ki ba. Abu ɗaya dai, duk wanda ya ce ki tallata masa Hajji ba tasrihi ko ki haɗa masa mutane da bizar ziyara su maƙale har Arfa, ki gudu, a Hajjin 2025 tarar mai yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, ta mai taimaka masa kuma har 100,000.

Sannan ga na kusa da ke ma, matan nan masu sayar da abaya da turaren wuta da dabino ta Snapchat da Instagram, masu saro kaya a Balad da Bab Sharif suna turawa gida a kago. Ki karɓi wayar kowacce ki gani, saƙonni jibge ba a buɗe ba, wata tun shekaranjiya take tambayar akwai abaya lamba 56 ko sai 54, ta gaji ta saya a wani wajen. In kika mayar mata da lambar WhatsApp Business kika jera kayan a katalog da kuɗinsu, kika ajiye amsoshin tambayoyin da ake maimaitawa, kika sa wa kowace kwastoma alama, wannan ta biya, wannan ba ta biya ba, wannan an ba mandub mai kai kaya, wannan kayanta na hanyar Kano, wlh cikin sati za ta ga bambanci a aljihunta. Kar ki je mata da wani dogon suna na Turanci. Ki ce Hajiya ba ni saƙonnin kasuwarki in riƙe miki sati ɗaya ki gani. Shi ke nan tallar.

Laftop kuwa, amsa saƙonni waya ta isa, amma jadawalin mutum arba'in a waya azaba ne. Ki nemi na hannu a shafin saye da sayarwa na Haraj, ki duba batir ki duba madannan suna da haruffan Larabci. Excel da rubuta imel na aiki akwai darussa kyauta da Larabci a Edraak da Maharat min Google, ba sai kin biya kowa ba. Amma ba ki faɗa min jinsiyya gare ki, wato ke 'yar ƙasa ce, ko igamar zaman baƙo ba, dan haka kafin ki karɓi riyal ɗaya ki karanta amsar da ke biye.

Anti barka da warhaka. Ni matar aure ce a Makka igamata ta murafik ce karkashin mijina, shi yana aiki a wani kamfani. Na iya kwamfuta tun a Najeriya nayi difloma. Kawata tace in cire wasikar amal hur in fara aiki hankali kwance, wata kuma tace a'a in bude da sunan makociyarmu tunda ita yar kasa ce sai mu dinga raba riba. Wanne zan bi?
Ummu Yasir, Rusaifa

Ummu Yasir ƙanwata, ba ko ɗaya. Na san abin da ke tura ki, tun 2020 kowane murafiƙ, wato iyalin da ke zaune ƙarƙashin igamar maigida, riyal 400 ake biya masa a wata, in ga ki ga yara uku lissafin kaɗai ya isa ya hana maigida barci, dan haka ba na ganin laifinki da kike son ki sa hannu. Amma ƙawayen nan biyu kowacce ta ɗauko miki rabin magana ne.

Wasiƙatul amal hurr, wato takardar shaidar mai aikin kansa, gaskiya ce akwai ta, ma'aikatar ƙwadago ce ke bayarwa ta shafin freelance.sa, kyauta, shekara ɗaya ana sabuntawa, kuma da ita mutum zai iya buɗe asusun banki na sana'arsa. Sai dai ta 'yan ƙasa ce. 'Yan'uwanmu Hausawi da Fallata da Barnawi masu jinsiyya, ku kam ban ga abin da kuke jira ba, ku cire ta yau, ku leƙa shafin Bahr ma da aka yi dan masu irin wannan aikin. Ke kuma ki ɗauko igamarki ki karanta abin da aka rubuta a jiki, gairu musarrahin lahu bil amal, ba a ba ki izinin aiki ba. Ko mijin naki ma mai igamar aiki, doka ba ta ba shi damar ya yi wa wani aiki ban da kafilinsa da ya ɗauke shi aiki ko ya buɗe na kansa ba.

Shawara ta biyu ita ce mai haɗarin. Ki yi sana'a da sunan 'yar ƙasa ku raba riba, shi ne tasattur ɗin da kike ji ana faɗa, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ba ta wasa: ɗaurin da zai iya kai shekara 5, tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, da ke da maƙociyar duka, ke kuma bayan nan tarhil, a kore ki daga ƙasar. Ban da ma hukuma, ki yi tunanin ranar da kuka saɓa saboda yara sun yi faɗa a bakin ƙofa. Asusun da sunanta, lambar da sunanta, kwastomomin a wajenta, wa za ki kai wa ƙara ki ce me?

Hanyar da take a fili ita ce wani kamfani ya ɗauke ki ya mayar da hidimarki kansa da kwantiragi a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, sannan ku daidaita ki yi daga gida. Ita ma ƙofar ta ƙuntata, tun 2022 aikin sakatariya da fassara da shigar da bayanai an ware wa 'yan ƙasa, amsa kwastomomi ma haka, dan haka sai an dubi wace sana'a ce za ta hau kan takardunki. Akwai kuma igama mumayyaza, wato ta musamman, da aka fito da ita a 2019, riyal 100,000 a shekara ko 800,000 gaba ɗaya, amma mai wannan kuɗin ba ya rubuto wa Anti.

Na san tambayar da ke bakinki, toh in wanda nake wa aikin yana Kaduna kuɗin kuma asusuna na Najeriya yake shiga fa? Akwai masu yin haka, ba zan ɓoye miki ba. Amma rubutun kan igamar bai ce ban da na Kaduna ba. Ki sa Abu Yasir ya kira ma'aikatar a 19911 ko ku zauna da lauya mai lasisi ku faɗa masa ainihin abin da za ki yi, kar ki ɗora zaman gidanku kan hirar mata a walima. Koyo dai ba a hana ki ba, ki ci gaba da goge hannunki.

Anti wani yamin magana a Telegram wai kamfani ne a Dubai suna neman mataimaki na nesa, aikin kawai kudi zasu dinga shigowa akawun dina ina turawa wasu lambobi ina cire kashi 5 nawa. Sunce in basu lambar igama kuma in amsa lambar da zata fito min a Nafath. Ya kika gani?
Kaninki, Madina

Ƙanena ka toshe shi yanzu kafin ka gama karanta wannan. Kuɗin da za su shigo na mutanen da aka damfara ne, ana so su bi ta asusunka dan in wanda aka cuta ya kai ƙara sunanka za a fara gani, banki ya rufe asusun, 'yan sanda su kira ka, mutumin Telegram kuma ya goge hirar ya canza suna. Wankin kuɗi ake kiran laifin kuma ɗauri ne. Lambar Nafath kuwa, manhajar gwamnati da ke tabbatar da cewa kai ne, in ka amsa ta ka sa hannu ke nan, da ita za su iya buɗe asusu ko layin waya da sunanka kana kwance a ɗaki. Haka masu cewa ka danna wa bidiyo so a biya ka, da farko su turo maka 'yan canji, gobe su ce zuba naka a buɗe maka babban mataki. Mai son ka yi masa aiki shi ke biya, in ya fara da ka kawo kuɗin rajista ko kuɗin horo toh kai ne kasuwar.

Assalamu alaikum Hala. Ni dan Wad Madani ne iyayenmu daga Maiwurno, yaki ya koromu Gadarif tun karshen 2023. Na karanta lissafin kudi a jami'ar Jazira ban karasa ba. Waya kawai gareni, wuta tana zuwa tana tafiya shabaka ma haka. Ko irinmu zamu iya wannan aikin? kuma ta ina kudin zai iso mu tunda PayPal baya aiki anan.
Danki, Gadarif

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya kawo ƙarshen abin nan ya mayar da ku gidajenku lafiya, ka gaida min su Inna.

Za ka iya, amma ka zaɓi irin aikin. Duk wanda ke buƙatar a amsa cikin minti biyar ba naka ba ne yanzu, kai ka fi ni sanin yadda aka yi a Fabrairun 2024 da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke aka zauna shiru ko manhajar banki ta Bankak ba ta buɗewa. Naka shi ne wanda za a turo maka da safe ka miƙa da daddare ko gobe: hotunan rasiɗai da fatura ka shigar a jadawali, ka fitar da wa ake bi wa ke bi, ka mayar da saƙon murya rubutu, ka juya Hausa zuwa Larabci. Google Sheets da Docs suna aiki a waya ba intanet in ka sa su haka tun farko, shabaka na dawowa su hau da kansu. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban daban, kuɗin farko da ka samu kuma ka sayi ƙaramin sola da madannan da ake haɗawa da waya, kafin laftop. Kuma tun ranar farko ka faɗa wa mai aikin gaskiyar wuta da shabakarku, wanda ya yarda a haka zai jure maka, wanda ka ɓoye wa ranar da ka ɓace kwana biyu ya sallame ka.

Masu aikin ma ba su da nisa. Kana zaune a garin riɗi da dawa, mai saye da ke Jidda ko Dubai yana son wanda zai turo masa farashin kasuwar amfanin gona kullum, ya rubuta buhu nawa aka auna, wace mota ta ɗauka, yaushe ta isa Bur Sudan, kuma kai lissafi ka karanta. Ga kuma 'yan Sudan da suka fito Saudiyya da Masar suka buɗe shaguna da wuraren abinci, yawancinsu lissafin na cikin littafi da ka. Sa'a ɗaya ce tsakaninku da mu nan Saudiyya, hutun mako kuma duka Juma'a da Asabar, ba ka da wahalar lokaci ko kaɗan.

Kuɗi kuwa, ku yi ciniki da riyal ko dala, a turo maka kwatankwacinsa ta Bankak ranar biya, in ka yanka da fam ɗin Sudan kafin wata ya ƙare ya zube. Shafukan neman aiki irin su Mostaql da Khamsat na Larabci ne za ka ji daɗinsu, amma kafin ka yi aikin awa ɗaya ka fara duba ta ina suke fitar da kuɗi kuma ko hanyar ta iso ka. Kar ka buɗe da sunan wani ko ka ce kana wata ƙasa, ranar da suka nemi hoton katinka za su rufe da kuɗinka a ciki.

Anti ni na riga na fara wata uku kenan ina rikewa matar kawuna shafinta na turare, bata taba bani komai ba sai Allah ya miki albarka da abaya daya, kuma karfe 1 na dare take kirana. Inada jinsiyya da wasika. Yanzu wata a Abuja ma tana so. Nawa zan yanka, kuma ya zan fadawa matar kawu ba ace nayi rashin kunya ba?
Wata baiwar Allah, Jidda

Hahaha baiwar Allah, albarkar mun karɓa amin, amma kamfanin waya na STC ba sa karɓarta a kuɗin intanet. Ita matar kawu ba da bakinki za ki fara ba, ki samu Umma ki nuna mata saƙon 'yar Abujan, ki ce ga wata za ta biya ni kuma lokacin ba zai ishe ni su biyu ba sai in an tsara. Umma ta san yadda za ta ajiye maganar a kunnen da ya dace. In an zauna ki ba ta ragin 'yan gida ki faɗi adadin a fili, ki tura mata a rubuce a WhatsApp: abin da za ki yi, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, nawa ne, ranar nawa ga wata. In ta amsa da toh, kin samu takarda.

Mutanenmu ba sa son lissafin awa, gani suke ana auna musu numfashi, ki yanka na wata. Amma ke a ɗakinki ki yi na awan. A ce awa biyu kike ba ta kullum kwana 26, awa 52 ke nan, in kin ce riyal 500 kin sayar da awarki ƙasa da riyal 10, ban da kuɗin intanet. Ki dubi adadin ki tambayi kanki ko kin yarda. Kuma ki rubuta abin da ba ya ciki, dan mai cewa amsa saƙo kawai gobe za ta ce haɗa min hoto a Canva, jibi ta ce raka mandub.

'Yar Abuja ki yanka mata da riyal, kar ki kuskura da naira. Riyal tun 1986 a ɗaure yake da dala, 3.75, naira kuwa kin ga abin da ta yi tun da aka sake ta a Yunin 2023. Rabi kafin a fara, rabi ƙarshen wata. Ki kula da agogo ma, muna gaba da su da awa biyu, in ta tuna da ke ƙarfe goma na darensu ke sha biyu ce, kuma hutunsu Asabar da Lahadi namu Juma'a da Asabar, in ba ki ja layi ba kwana bakwai za ki yi aiki. Azumi kuma ki yi masa nasa tsarin daban tun Sha'aban, kin san nan kasuwa sai bayan tarawi take tashi. In wata rana kin shiga shafin neman aiki na Fiverr ki sani kashi 20 suke cirewa, aikin dala 100 dala 80 ce taki, riyal 300 ke nan, kuma sai ta kwana 14 kafin ki taɓa.

Malama sannu da kokari. Ni dattijo ne ina harkar kago daga Jidda zuwa Kano da Yamai shekaru masu yawa, yarana sun dameni in dauki mai rike min waya da lissafi ta intanet don ni karatun bai zauna ba. Tsorona in bawa yarinya ko yaro lambobin sirrina da na kwastomomi gobe ya bude nasa ya kwashe min mutane. Akwai dabara?
Alhaji, Bab Makka

Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara girma da buɗi. Yaran sun yi gaskiya kuma tsoronka ma yana kan hanya. Ba wa mai aiki lambar sirri kamar ba wanda ya zo sharar zaure makullin ɗakin uwargida ne, kuma babu ma buƙata. Gmail yana da wajen da ake wakilta mutum ya karanta ya amsa ba tare da ya san lambar sirri ba, shafin Facebook da Instagram na kasuwa ana ƙara mutum a ba shi iya amsa saƙo kawai, WhatsApp kuma layin ya zauna a wayarka da sunanka a haɗa masa kwamfutarsa, na'ura har huɗu yake ɗauka, ranar da kuka rabu ɗanka ya danna ya cire shi. Jadawalin kwastomomi a buɗe shi a asusunka kai ka gayyace shi, kar ya buɗe a nasa ya gayyace ka. Banki da manhajojin gwamnati Absher da Nafath kuwa ko ɗan cikinka sai kana zaune.

Hotunan fasfo da igama na mutane da ke cikin wayar nan su ma amana ce da doka ta sani, dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumban 2023, dan haka kar a bari suna yawo a wayar mai aiki, su zauna a wuri ɗaya da kai ke da iko da shi. Ka duba takardunsa kuma, ko ɗan ƙasa mai wasiƙa, ko wanda ke kan kamfaninka a Qiwa, ko wanda ke zaune can Kano ko Yamai, wanda ma ga harkarka ya fi, tunda rigimar kago yawanci a wajen karɓa take, kwalina bai iso ba, an ce kilo 23 ni na ga 20.

Kwashe mutane kuwa, a rubuta a yarjejeniya gaban shaidu biyu cewa lambobin naka ne. Ka fara ba shi abu ɗaya na wata guda, misali sanar da mutane ranar da kayansu suka tashi da ranar da suka sauka, in ya riƙe sai a ƙara masa fatura. Manyan kwastomomin nan da kuka yi shekaru tare kuma ka ci gaba da kiransu da kanka ko da ranar Juma'a ce, yaro ya riƙe rubutun, gaisuwar ta zauna a wajenka.